Lasdau Ba Kufai Ba Ne, Jinkarsa Ce Ta Sauka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Filayen Bakin Kogi,
Yola, Jihar Arewa maso Gabas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Sunana Hammadu Bobbo, malamin makarantar firamare a Jimeta, haifaffen Lasdau. Na san sunan garin nan ba baƙo ba ne a kunnenka, domin a ranin nan kwamitinka ya ba wani ɗan kwangila tudunmu ya haƙi marmarar hanya, bisa hujjar cewa taswira ta nuna wurin kufai ne. To, a cikin kufan nan aka yanke mini cibiya. A cikinsa aka binne mahaifina. Yanzu haka da nake wannan rubutu mahaifiyata tana zaune a cikinsa, ita kaɗai, tana hura wuta.

Ban so in yi maganar nan a bainar jama'a ba. Ni ma ma'aikaci ne, na san ladabin ofis. Amma na yi sintiri a ƙofarku har masinja ya daina tambayata wa nake nema, ban taɓa samun ganinka ba. Damina kuwa ba ta jiran layi. Shi ya sa na buɗe wasiƙar, duk mai ido ya karanta, in na yi ƙarya a kama ni da ita.

Na farko, inda garin yake.

Idan ka bar Yola ka nufi gabas, ka bar tafkin Njuwa a bayanka, za ka bi wata hanyar ƙafa ta cikin fadama har ƙasa ta fara ja. Nan za ka ga wani tudu guda, ba babba ba, da tsamiya a kansa. Daga gindin tudun zuwa bakin Binuwai fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar ƙasa, wadda da rani take tsagewa har ƙafar jaki ta shige, da damina kuwa kogi yake hawa ya shanye ta gaba ɗaya. A bakin ruwan, bayan wani kurmin giyayya, akwai wani wuri mai ɗan tauri inda ake kafa ɗakunan zana. Tudun nan da bakin ruwan nan, su biyun, su ne Lasdau. Sunan ma abin da yake faɗa ke nan. A Fillanci "les" ƙasa ne, "dow" sama, bakin Hausawa 'yan kasuwa ne ya murɗe shi ya zama Lasdau.

Ba garuruwa biyu ba ne, ranka ya daɗe. Gari ɗaya ne, mai gari ɗaya da muke kira Jauro, liman ɗaya, maƙabarta ɗaya, kuma a kan tudu take. Da damina muna sama, muna noman gero da gyaɗa a jar ƙasa, muna kallon kogi yana cin filinmu. Idan ruwa ya janye sai mu sauka, mu dasa masakwa, dawar rani, a baƙar ƙasar tun tana da danshi, mu kama kifi, mata su yi banda, a kai Jimeta. Rijiyar tudu tana ƙafewa da rani, bakin ruwa yana nutsewa da damina. Wanda ya ce mu zaɓi ɗaya, daidai yake da wanda ya ce mu zaɓa tsakanin ƙishirwa da nutso.

Na biyu, yadda aka yi muka zama haka.

Ni malamin makaranta ne, na san bambancin abin da ke rubuce da abin da aka ji a bakin tsofaffi, saboda haka ba zan sa wa labarin nan shekara ba. Abin da na ji shi ne, tun kafin zuwan Turawa aka yi annobar shanu, wani Bafillace da ake kira Ardo Sambo ya wayi gari ba shi da ko maraƙi. Ya zo da iyalinsa ya zauna a tudun nan don kunyar komawa cikin dangi. A bakin ruwa kuwa akwai wani masunci, ɗan ƙabilar Bata, wanda sunansa ya ɓace mana, Sarkin Ruwa kawai muke ce masa. Da rani yunwa ta sauko da Ardo wurin masunci, ya ci kifi yana rufe fuska, don a lokacin abin kunya ne gare shi. Da damina ruwa ya koro masunci wurin Ardo. Tun ana zaman baƙunta har aka haɗa aure, har yau kuwa jikokin Ardo da jikokin Sarkin Ruwa ba sa gamuwa sai sun tsokani juna a kan wanda ya fara roƙon wani.

A shekarun farko ɗaki biyu kowa yake yi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sai wani rani maharba suka sa wa daji wuta, ta hau tudu ba kowa, ta lashe jinkar kowane ɗaki, aka bar bango tsirara. Waɗanda aka bari a bakin ruwa kuma kogi ne yake tafiya da su duk shekara. Shuci mai kyau yana da nisa a wajenmu, gorar tsaiko ta fi shi nisa. Sai tsofaffi suka yanke shawara: bango ya zauna inda yake, jinka ta bi mai ita.

Tun daga ranar haka muke yi. Akwai wata tsohuwar giyayya a bakin ruwa, da tsaga a jikinta wadda kakanni suka sara. Ranar da kogi ya taɓa tsagar nan, Jauro zai sa a yi shela, kashegari da hantsi a tashi. Maza su shiga ƙarƙashin jinka, su ɗaga ta daga kan zana, su ɗora a ka da kafaɗa. Wanda ke ciki ba ya ganin gabansa, sai mutum ɗaya ya shige gaba yana faɗin dama da hagu, ga rami ga kututture. In ka hango daga nesa ba ka ganin mutum, sai jinka da ƙafafu. Mata na biye da tukwane da turmi, ana kora awaki. Akwai tsari kuma, ba a saɓa shi. Jinkar masallaci ce kan gaba. Sai ta ɗakin addu'ar gidan Yohanna, Kiristocin da kakansu ya zo daga kudu ya zauna da mu, kuma kafaɗun da suka ɗauki ta masallaci su ne suke komowa su ɗauke ta. Sai ta wanda ya fi kowa tsufa a gari, a yi ta bi har a zo kan ta Jauro, wadda ita ce ta ƙarshe, ko da ruwa ya fara shiga masa tsakar gida. Ku a birni karin magana kuke yi da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu aikinmu ne sau biyu a shekara, ga kantar ɗaukar a wuyana in ana son gani.

Idan ruwa ya janye sai a sake ɗaukowa a sauko. Daga nan har bazara, duk wanda ya hau tudun Lasdau bango zai gani zagaye-zagaye ba rufi, ƙofofi a toshe da ƙaya saboda dabbobi.

Na uku, inda kuskuren ya fito.

A ranin da ya biyo bayan samun 'yancin kai, masu safiyo suka zo da sandunansu da tafintansu, wani Bahaushe daga can yamma. Da rani suka zo, don da rani ne ƙafa take iya kaiwa. Suka hau tudu suka tarar da bango ba jinka. Mutum ɗaya suka samu, ƙanin mahaifina, Bappa Sanda, ya hau kaɗo tsamiya. Bappa Sanda Fillanci ya tashi da shi, Hausarsa ta cinikin kifi ce, irin wadda mace da namiji duk "shi" ne. Suka tambaye shi ina mutanen garin. A Fillanci akwai kalmar da ake faɗa idan mutane sun kwashe kaya sun koma mazauninsu na wani lokaci, za su dawo. Ya laluba a Hausarsa, abin da ya samo shi ne, "Gari ya tashi." Tafinta ya ce tun yaushe. Shi kuwa Bappa ya ɗauka al'adar ake tambaya, sai ya ba da amsa da alfahari, ya ce ai tun zamanin kakanni.

Shi ke nan, ranka ya daɗe. A kunnen Bahaushen yamma, garin da ya tashi tun zamanin kakanni ya mutu ke nan. Aka rubuta. Da suka gangara suka hango hayaƙi bayan kurmin giyayya, suka ga ɗakunan zana da koma a shanye, sai suka sa alamar zangon masunta na wucin gadi. Ga kufai a sama, ga zango a ƙasa, gari ya ɓace a tsakani. Bappa ya ba su tsamiya cike da hula, ya raka su har gindin tudu, ya dawo yana ba da labarin baƙi masu kirki.

Ban zargi Bappa ba, ban kuma zargi tafinta ba. Kowannensu gaskiya ya faɗa da harshen da yake da shi. Amma tsohon nan tun da aka kafa turakun ɗan kwangila a tudu ya daina zama a dandali. Yana ganin da bakinsa ya kashe garin ubansa. Na gaya masa ba haka ba ne har na gaji, sai ya kaɗa kai kawai. Wannan ma yana cikin abin da nake bin kwamitinka, ko da ba a rubuta irinsa a fayil.

Na huɗu, abin da na yi da abin da aka yi mini.

Ni na fara ganin taswirar, a shekarar da aka ƙirƙiro jihohi, lokacin da aka kawo mana ita makaranta aka rataya a bango. Ina koyar da alamomi, ga ta gada, ga ta kasuwa, ga ta kufai, sai na bi da yatsa in nuna misali, yatsana ya sauka a kan gidanmu. Malamai 'yan'uwana suka samu abin dariya, har yau akwai masu kirana Malam Kufai, in na yi latti su ce ai fatalwa ba ta da agogo. Na yi dariyar tare da su, amma a makon nan na kai ƙorafi. Aka ce za a gyara in an sake bugu. Aka shiga yaƙi, aka fita yaƙi, aka sauya hannun tuƙi, aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira, duk ƙasar nan ta iya juyawa daga hagu zuwa dama, amma kalma ɗaya a kan Lasdau ta gagara.

Da maganar kwangilar nan ta fito na zo ofishinku. Akawunka ya karɓe ni da fara'a, ba zan ɓoye alherinsa ba, har ruwa ya sa aka ba ni. Ya ce taswirar nan an tabbatar da ita da hoton jirgin sama, hoto kuwa ba ya ƙarya. Na ce masa jirgin ma da rani ya bi, don da damina hadari ba zai bar shi ya ga ƙasa ba, ko ya nuna mini hoton da aka ɗauka a tsakiyar damina. Ya ce wannan sai Maiduguri, hedkwatar jiha. Na ce a ba ni wanda zan gani a Maiduguri. Ya ce ai Maiduguri sai da takarda daga nan. Na ce a ba ni takardar. Ya ce sai na kawo shaidar cewa garin yana nan.

Sai na je na zo da Jauro. Dattijo ne mai furfura, ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya yi rawani, ya tako tun daga bakin ruwa. Aka ajiye shi a benci a baranda tun hantsi har aka kira azahar, masu shiga da fita suna tsallake ƙafarsa. Daga ƙarshe aka fito aka ce mana Jauro ba shaida ba ne, shaida a rubuce take. Jauron gari, da ransa da rawaninsa, bai isa ya tabbatar da garin da yake jauranta ba! Sai ya miƙe. Ya karkaɗe rigarsa, muka yi salla a masallacin bakin hanya, na sai masa goro ya ƙi karɓa. Ni dai ranar ban iya cin abinci ba.

Na biyar, tambaya.

Masu karɓar haraji ba su taɓa ɓata hanyar Lasdau ba, sama ko ƙasa, duk inda muke suna samun mu. Masu ƙidaya sun zo sun shafa mana tawada a yatsa. Masu lamba sun zo, kowane yaro a garin yana da tabonsu a dantse, mun gode musu. Da aka nemi samari lokacin yaƙi an samu a Lasdau, akwai wanda bai dawo ba, uwarsa tana nan. To, a gaya mini, ranka ya daɗe, wane irin kufai ne wannan da ake samun mutane a cikinsa duk ranar da za a karɓa, sai ranar da za a ba da tudunsa ne ya zama ba kowa?

Na ji kuma an ce ai shekarun nan kogi bai cika kamar da ba, mu zauna a bakin ruwa dindindin mana. Gaskiya ne an yi fari, mu muka fi kowa sani, masakwarmu ta shaida. Amma wanda ya auna Binuwai da shekarar fari bai san Binuwai ba. Ina yaro na shiga kwalekwale da mahaifina, muka bi ta kan inda masallacin ƙasa yake, ya zura gora bai taɓa ƙasa ba. Wani kuma ya ba da shawarar a ba mu fili a ƙetare, can bayan Damare. Mutanen Damare mutanen kirki ne, muna auratayya da su, amma filinsu da masu shi. Kuma ban san yadda ake ɗaukar kabari a ka ba, jinka kaɗai aka koya mana.

Na shida, mahaifiyata, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Dada muke ce mata. Ita ce ta fi kowa tsufa a Lasdau yanzu, ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana bin sa. Da ruwa ya janye bara an sauko da jinkarta kamar kullum. Tana bakin ruwa labari ya iso cewa an ga baƙi a tudu sun kafa turaku masu jan fenti, ɗaya ma a daidai kan kabarin mahaifina. Aka yi mata bayanin taswira da kufai da duk abin da na rubuta a sama. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a mayar mata da jinkarta sama.

Jauro ya ce ba a taɓa yi ba, tun Ardo Sambo jinka ba ta hau tudu da rani ba, ga rijiya a ƙafe, ga rana. Ta ce to, ta ji. Da gari ya waye aka nemi Dada aka rasa, ashe ta ɗauki sandarta da buta ta kama hanya. Aka same ta a cikin bangon ɗakinta, ta janye ƙaya, ta share, ta zauna a tsakiya rana na dukan kanta. Maza suka ji kunya. Kafin la'asar jinkarta ta hau. Turken da ke kan kabarin mahaifina kuwa da hannunta ta girgiza shi ta cire, yanzu akuyarta ce a ɗaure a jikinsa. In kwamiti yana son kayansa, yana nan a ƙofar ɗaki, ba a ɓatar ba.

Tun daga lokacin ita kaɗai ce a tudu. Matan gari suna karɓa-karɓa wajen hawo mata da ruwa a ka, cikin zafin bazarar Yola da ka sani, wanda ko a ofis da fanka ba a iya zama. Kullum sai ta hura wuta, ko ba ta da abin dafawa, ta zuba ɗanyen ganye don ya yi hayaƙi sosai. Ranar da katafila ta iso gindin tudu ina can, na je kai mata magani. Direban ya hau da ƙafa ya duba inda zai fara, ya yi turus da ya gan ta a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ta, yaron kirki, ya ce shi aiko shi aka yi, an ce masa ba kowa. Ta ba shi ruwa daga ɗan abin da aka hawo mata da shi. Da ya sha ta ce masa, "Ka koma ka gaya wa mai takarda, kufai ba ya hayaƙi."

Ya koma bai taɓa ko dutse ɗaya ba, Allah ya yi masa albarka. Amma katafilar tana nan a gindin tudu an lulluɓe ta da tamfol, kuma ɗan kwangila ya aiko cewa dole ya kwashi marmara kafin hanya ta jiƙe, tsohuwa ɗaya ba za ta tsayar da aikin gwamnati ba.

Zan faɗa maka gaskiya, ranka ya daɗe, tsoro nake ji. Hayaƙin nan ya sa mata tari, ta rame, zanenta sai ta ninka shi take ɗaurawa. Na roƙe ta ta zo gidana Jimeta. Yayata da ke aure a Ajiya ta je ta yi kuka a gabanta. Ta ce ranar da ta sauka, ranar takarda ta yi gaskiya. Na san uwata, ba a taɓa juya ta ba tun tana da ƙarfin daka. Ina koyar da 'ya'yan mutane da safe, hankalina yana kan tudu, duk wanda ya yi sallama a ƙofar aji sai gabana ya faɗi. Idan wani abu ya same ta a can, ba zan ce zafi ne ko tari ba. Zan ce kalma ɗaya ce da aka ƙi gyarawa, kuma zan faɗa a duk inda aka tambaye ni.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, da sunana da na Jauro da jama'ar Lasdau, waɗanda na karanta wa wasiƙar nan da Fillanci suka ce in aika.

A dakatar da katafilar nan yau, ba sai an jira Maiduguri ba. Hannun da ya sa ta zo ya isa ya sa ta tsaya.

Ka zo da kanka, ko ka aiko wanda ka amince da idonsa. Gani ya kori ji. Ya hau tudu ya gaida Dada, ya gangara ya ga sauranmu, ya leƙa cikin bangon nan ya ga daɓe sumul da murhu da rumbu a liƙe da hatsi a ciki, sannan ya faɗa mana wane kufai ne ake yi wa yaɓe duk shekara.

A goge kalmar nan daga taswira, a goge alamar zango, a rubuta Lasdau sau ɗaya da baƙaƙen da za su kai daga tudu har bakin ruwa. Kuma in an gyara a aiko da wanda zai faɗa wa Bappa Sanda da baki, a gaban jama'a, don shi ba ya karatu.

Hanya kuwa muna son ta fiye da kowa, mu da kifinmu yake ruɓewa kafin ya kai kasuwa. Akwai wani tudun marmara kudu da mu, ba gona ba kabari, sai ƙaya da gafiya. Za mu raka ɗan kwangila har can, mu sare masa hanya da gatarinmu, ba ma son ko sisi.

In kuwa an ga duk wannan bai isa a duba ba, to, ina sanar da kai tun yanzu, don kada a ce mun zo ba sallama. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kogi zai taɓa tsagar giyayya, ko kwamiti ya zauna ko bai zauna ba, Jauro zai sa a yi shela, mu kuma za mu shiga ƙarƙashin jinkarmu mu ɗaga. Idan muka iso muka tarar da tudunmu ya zama rami, ba za mu koma cikin ruwa ba, ba kuma za mu sauke a daji ba. Za mu miƙe. Za mu bi ta gefen Njuwa mu shigo Yola da rana tsaka, ba sanda ba gatari, mai faɗin dama da hagu yana gaba, ni ne kuwa zan yi wannan aikin, don na san hanyar ofishinku sarai. Ta masallaci ce za ta fara sauka a filin ƙofarka, sai ta gidan Yohanna, sai ta Dada da za mu ɗauko daga sama, da ita a biye ko a kan jaki ko a bayana, har a zo kan ta Jauro. Mata za su kafa murhu a gindin baranda. An ce shaida ake so. Akawu ya fito ya ƙirga ƙafafu.

Ba barazana nake yi ba, ranka ya daɗe, abin da muka iya ke nan. Wasu garuruwan sai an je musu. Namu a ka yake, in an ƙi zuwa ganinsa shi zai zo.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya kare ka daga sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Allah ya raya maka zuriya. Allah ya ja kwanan mahaifiyarka in tana raye, ya jiƙanta in ta rigaye mu. Allah kuma kada ya nuna maka ranar da za a kira gidan ubanka kufai alhali uwarka tana ciki.

Wassalam.

Naka mai biyayya a kan gaskiya,
Hammadu Bobbo Lasdau,
Jimeta.